Wasiƙar Malamar Turanci Zuwa Gidajen Almajiranta

 

A ƙasar Amurka, idan la'asar ɗin Juma'a ta yi, yara sun watse, manyan motocin makaranta masu launin ruwan ɗorawa sun kwashe su sun nufi unguwanni, akwai wani aiki guda da yakan saura wa malamai da yawa kafin su kulle aji su kama hanyar gida, shi ne rubuta wasiƙa zuwa ga almajiransu da iyalan almajiran, wadda a cikinta za su bayyana abin da aka karanta a makon da ya shuɗe, da abin da za a fuskanta a mako mai zuwa, da abin da ake roƙon gida ya taimaka da shi. Waɗansu sukan jinkirta ta zuwa daren Lahadi, domin ta riski iyaye suna shirin Litinin. Wannan 'yar wasiƙa, wadda galibi ba ta wuce shafi guda, ita ce maudu'in sharhinmu na yau, kuma za mu keɓance ta malamar Turanci a makarantar tsakiya, saboda a nan ne, a ganina, fa'idarta ta fi bayyana, a nan ne kuma aibinta ya fi fitowa fili. Na ce malama, domin mata su ne mafi rinjayen masu koyarwa a makarantun gwamnatin ƙasar, kimanin uku cikin kowane huɗu.

Wajibi ne mu fara da sanin wace ce makarantar tsakiya, kada dattawanmu su ji sunan su tuna da Midil ta zamanin En'e, irin ta Katsina inda Malam Abubakar Imam ya koyar, ko ta Bauchi inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shugabanci, alhali wannan dabam, waccan dabam. Ta Amurka takan riƙe yaro daga aji 6 zuwa aji 8, wato daga shekara 11 zuwa 13 ko 14, abin da ya yi daidai da ajin ƙarshe na firamare haɗe da aji biyu na farkon ƙaramar sakandare a Nijeriya. Tun a 1909 aka buɗe, a birnin Kolombus na jihar Ohayo, makarantar da ake lissafa ta a matsayin ƙaramar sakandare ta farko a ƙasar, aka tafi a kan wannan tsari fiye da shekara 50, har zuwa 1963, sa'ad da wani shaihin malami mai suna William Alexander ya tsaya a wani taro a Jami'ar Cornell ya kawo shawarar a kafa makaranta ta tsakiya wadda za a gina bisa ɗabi'ar yaran waɗannan shekaru, maimakon ƙaramar sakandaren da ta zama kwaikwayon babba kurum. Daga nan tsarin ya bazu, har ya zama shi ne ruwan dare a yau.

Abin da ya sa wasiƙar ta zama larura a wannan mataki ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa renon ɗa. A firamare yaro yana da malama guda wadda ke tare da shi tun safe har a tashi, ta san shi, ta san uwarsa, sukan haɗu a bakin ƙofa su gaisa su yi 'yar magana a tsaitsaye. Da ya shiga makarantar tsakiya sai ya wayi gari da malamai shida ko bakwai, ƙararrawa na kaɗawa yana tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan, kowane malami da fanninsa, kowannensu kuma da aji biyar ko shida a wuni, ta yadda almajiran da ke hannun malamar Turanci guda sukan haura 100. Uwar da ta saba da fuska ɗaya sai ta rasa wadda za ta nufa. A daidai wannan lokaci ne kuma yaron yake shiga shekarun da malaman fiƙihu ke kira murahaƙa, ya wuce ƙuruciya bai kai balaga sosai ba, muryarsa ta fara buɗewa, kunya da girman kai sun haɗu sun ɗaure masa harshe, wanda jiya-jiya yake dawowa yana zuba labarin makaranta tun daga bakin ƙofa, yau idan an ce masa yaya makaranta sai ya ce lafiya, idan an ce me aka koya muku sai ya ce ba komai, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Makaranta ta yi wa iyaye nisa ta can, yaro ya yi musu shiru ta nan, ga shi kuwa takardar sakamako ba ta zuwa sai ƙarshen zango, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, me ake rubutawa a ciki? Mafi yawansa abu ne na yau da kullum wanda ba ya buƙatar dogon sharhi: cewa an kai babi na shida a littafin da aji ke karantawa, a tabbata kowa ya kai na tara kafin Alhamis, cewa akwai ɗan gwajin kalmomi ranar Laraba, ga jerinsu, cewa daftarin farko na insha'i zai shigo ranar kaza, cewa a riƙa sa wa kwamfutar makaranta caji da dare kada yaro ya zo da ita a mace, cewa ranar ganawar iyaye da malamai ta matso. Wani lokaci a ƙarshe malamar takan sa ɗan roƙo a kunyace, cewa fensir ya ƙare a aji, wanda Allah ya hore wa ya taimaka, gama sananne ne a ƙasar, duk da arzikinta, malamai sukan sayi kayan aji daga aljihunsu. A da takarda ce ake bugawa a saka wa yaro a jaka, idan ta isa gida a manna ta a jikin firji da maganaɗisu, ko da yake da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganin firji ba, a gindin jaka suke ƙare rayuwarsu. Yanzu ta koma imel da manhajoji irin su Google Classroom, wanda ya fito a 2014, da Remind da ClassDojo, kuma rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya kafa al'adar daram. Galibi kuma da sunan iyalai ake buɗe ta, saboda yara da dama a hannun kaka suke, ko gwaggo, ko mariƙin da hukuma ta ba wa riƙo.

Inda wasiƙar malamar Turanci ta bambanta da ta malamin lissafi shi ne a nau'in abin da take ba da labarinsa. Mu da muka koyi Turanci a matsayin baƙon harshe mukan ɗauka darasin Turanci shi ne koyon furuci da sigogin aikatau, amma ga ɗan Amurka harshen uwa ne, don haka darasin ya tattara abin da mu za mu kira lugga da nahawu da adabi da insha'i da muɗala'a wuri guda. Tun kuwa daga 2010, da galibin jihohin ƙasar suka karɓi wani mizani na bai-ɗaya game da abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, nauyin darasin ya karkata ga abu guda, wato kafa hujja daga nassi. Ana koya wa yaro ɗan shekara 12 cewa idan ya ce wane a cikin labarin nan matsoraci ne, to, ya yi da'awa, da'awa kuwa ba ta tsayuwa sai ya kawo dalili daga littafin, da lambar shafi, sa'an nan ya bayyana wajahin da dalilin ya nuna abin da ya faɗa, har a aji 7 da 8 a buƙaci ya ambaci hujjar mai saɓa masa. Wanda ya taɓa zama a zauren malaman usulu ba zai ji wannan baƙo ba ko kaɗan, ko da yake su can a kan ƙagaggen labari ake horar da yaro. Abin lura shi ne, uban da ya manta lissafin aljabara tun shekara 20 ba shi da ta cewa idan aka aiko masa da labarinsa, amma babu uban da bai iya cewa ɗansa mene ne dalilinka ba.

Littattafan ma ƙofa ce a buɗe. Akwai wani mai suna The Outsiders, wanda S. E. Hinton ta fara rubutawa tana ɗalibar sakandare a garin Tulsa na jihar Oklahoma, aka buga shi a 1967, labarin gaba ce tsakanin samarin unguwar talakawa da 'ya'yan masu hali, kuma har gobe ana karanta shi a aji 7 ko 8, ta yadda sau da yawa uwa takan buɗe wasiƙar ta tarar ɗanta yana kan babin da ita ma ta yi kuka a kansa tana yarinya. Akwai kuma A Long Walk to Water na Linda Sue Park, na shekarar 2010, wanda aka gina bisa rayuwar Salva Dut, ɗan ƙabilar Dinka, wanda yaƙin basasar Sudan ya raba shi da iyayensa a 1985 yana ɗan shekara 11, ya taka da ƙafa zuwa Habasha, daga can zuwa Kenya, daga bisani ya sami mafaka a Amurka, ya kuma koma yana haƙa rijiyoyin burtsatse a Sudan ta Kudu. Makarantu da yawa, idan sun kammala littafin, sukan tara taimako domin rijiyoyin, kuma a wasiƙar mako ake sanar da gida. Yaron da ke buɗe famfo ba tare da tunani ba, ga shi an sa shi ya yi makonni yana bin labarin wata yarinya a littafin da ke wuni a hanyar ɗebo ruwa. Idan gida ya san da wannan, hirar cin abincin dare ta samu ke nan ba tare da wahala ba.

Akwai abin da ba a sawa a wasiƙar, kuma rashinsa ya cancanci a ambata. Ba za ka ga an ce wane ya zo na ɗaya, wane ya zo na ƙarshe, ko wance ba ta kawo aikin gida ba, domin tun 1974 akwai dokar tarayya da ta tsare sirrin bayanan karatun ɗalibi, ta hana makaranta bayyana makinsa ga wanda ba waliyyinsa ba. Mu da muka tashi ana kiran sakamako a filin taro, na farko ana tafa masa, na ƙarshe ana yi masa ele, muna iya cewa wannan shagwaɓa ce. Ni dai ina ganin suturta yaro a shekarun da zuciyarsa ta fi kowane lokaci rauni ga kunya ya fi kusa da adalci, ko da yake, kamar yadda za mu gani nan gaba kaɗan, wannan sutura ita ce kuma ta rage wa wasiƙar kaifi.

Babu wata dokar tarayya da ta farlanta wa malami rubuta wasiƙa kowane mako. A waɗansu makarantu shugaban makaranta ne yake wajabta ta, a waɗansu kuma nafila ce da malama ta ɗora wa kanta. Amma tushen da ta tsiro a kai tsoho ne. A 1897 waɗansu mata biyu, Alice Birney da Phoebe Hearst, suka kira taron uwaye a birnin Washinton, wanda shi ne ya zama ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙasa, mai irin sunan da mu ma muka sani a makarantunmu. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta fara tura kuɗin tarayya zuwa makarantun unguwannin matalauta, kuma a sigarta ta yanzu, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Disamba na 2015, an shar'anta cewa duk gundumar ilimi da rabonta daga wannan kuɗi ya haura dala 500,000 sai ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 domin jawo iyalai cikin sha'anin karatun 'ya'yansu.

Sai mu zo ga tambayar da ta fi kowacce nauyi: shin tana amfani, ko kuwa wahala ce kawai da aka mayar al'ada? A nan masana sun yi gwaje-gwaje na haƙiƙa, irin waɗanda ake raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan abu a ƙyale waɗancan, sa'an nan a gwada. Matthew Kraft na Jami'ar Brown da Todd Rogers na Jami'ar Harvard sun buga sakamakon wani irin wannan a 2015, wanda suka yi a kan ɗaliban sakandare masu maimaita darussan da suka faɗi a lokacin hutun bazara. Abin da aka yi bai taka kara ya karya ba: kowane mako malami ya rubuta jimla guda tak game da yaro, a isar wa iyayensa. Da aka zo ƙarshe, waɗanda suka kasa kammala darasin sun ragu daga kashi 15.8 cikin 100 zuwa kashi 9.3, kuma saƙon da ya fi tasiri shi ne wanda ya faɗi takamaiman abin da yaro zai gyara, fiye da wanda ya tsaya ga yabo. Haka nan Peter Bergman da Eric Chan, a makarantu 22 na tsakiya da na sakandare a jihar Bajiniya ta Yamma, sun sa na'ura ta riƙa aika wa iyaye saƙon waya kowane mako game da aikin da ɗansu bai kawo ba da darasin da bai halarta ba, faɗuwa a darussa ta ragu da kimanin kashi 27 cikin 100, halarta ta ƙaru, amma, kuma wannan amma ɗin ya kamata a faɗe shi, makin jarrabawar jiha bai motsa ba.

Mai saurare mai lura zai riga ya gane cewa waɗannan hujjoji, da ake yawan kawo su domin yabon wasiƙar mako, ba a kanta aka kafa su ba. Dukansu saƙonni ne na keɓe, masu ɗauke da sunan ɗanka da abin da shi ɗin ya yi ko ya bari, alhali wasiƙar da muke magana a kai ta gama-gari ce, kalma guda ga gida 120. Ita shela ce a kasuwa, wadda kowa ya ji ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Su kuwa ɗan aike ne da ya yi sallama a ƙofar gidanka ya ambaci sunanka. Saboda haka ba daidai ba ne a ari sakamakon wannan a jingina wa waccan, kuma malamar da ta ɓata awa biyu tana yi wa wasiƙarta ado da hotuna da launuka, da ta rage adon ta rubuta jimla ɗai-ɗai ga iyayen yara goma da suka fara zamewa, da hujjar masana ta fi tsaya mata. Duk da haka ban yarda a ce ta gama-garin banza ce ba, domin Kraft da Rogers sun lura cewa hanyar da saƙonsu ya bi ya yi aiki ita ce ya sauya abin da iyaye da 'ya'ya ke tattaunawa a gida, wannan kuwa ƙofa ce da wasiƙar gama-gari ma za ta iya shiga, in an rubuta ta da wannan niyya.

Wane irin taimako ake nema daga gida, to? Nancy Hill da Diana Tyson sun tattara bincike 50 da aka yi a kan iyayen yaran makarantar tsakiya, suka buga natijar a 2009, abin da suka samu kuwa ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Kusan kowane irin sa hannun iyaye yana tafiya tare da ci gaban yaro, in ban da guda ɗaya, shi ne zama a taya shi aikin gida, wanda suka tarar ba ya tafiya da alheri. Wajibi ne a yi adalci a nan, domin mai yiwuwa ne yaron da ya riga ya raunana shi ake yawan zama a taya, ba tayawar ce ta raunana shi ba. Amma abin da ya fi kowanne ƙarfi a bincikensu shi ne abin da mu za mu kira tarbiyya da nasiha: uba ya nuna wa ɗa darajar ilimi a wurinsa, ya haɗa masa abin da ake karantawa da abin da ke gudana a duniya, ya tambaye shi me yake son zama, ya tattauna da shi yadda zai tsara lokacinsa. Wannan kuwa ba ya buƙatar uban ya yi boko. Saboda haka, a ra'ayina, layin da ya fi kowanne daraja a wasiƙar malamar Turanci shi ne wanda ƙwararru cikinsu sukan sa a ƙasa, inda za ta ce ku tambayi ɗanku a wannan mako wa yake ganin ya fi laifi tsakanin wane da wane, kuma me ya sa. Tambaya ce wadda ba a amsa ta da lafiya ko ba komai, ta ɗora yaro a kujerar masani, ta bar uban a ta mai neman sani, kuma ɗan shekara 13 ba ya ƙin a nemi fatawarsa.

Akwai wani layi da kusan ba ya ɓacewa daga irin wannan wasiƙa, wato roƙon a sa yaro ya yi karatu na minti 20 kowane dare, kuma dalilin nacin yana cikin alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta. A 1984, kashi 35 cikin 100 na yara 'yan shekara 13 sun ce suna karatu don nishaɗi kusan kowace rana. A 2012 sun koma kashi 27. A 2023 kashi 14 ne kacal. A jarrabawar ƙasa ta 2024 kuma, kashi 33 cikin 100 na 'yan aji 8 ba su kai ko matakin farko na fahimtar karatu ba, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara wannan awo. Damuwar malaman tana da asali ke nan. Sai dai maganin da waɗansu suka zaɓa, wato takardar da iyaye za su sa wa hannu kowane dare suna shaida cewa an yi minti 20, ni ban gamsu da shi ba, saboda kowa ya san yadda ake cika ta: ranar Juma'a da safe, a cikin mota, uwa na sauri, ta zana hannu biyar a jere. An nemi a koya wa yaro son littafi, an ɓuge da koya masa cewa 'yar ƙaramar shaidar zur ba komai ba ce muddin uwa ce ta sa hannu.

Wani aibin kuma yana tattare da yawa. Idan kowane malami daga cikin bakwai ya rubuta tasa, shugaban makaranta ya ƙara, mai horar da ƙwallo ya ƙara, uba mai 'ya'ya uku yana iya tarar da wasiƙu sama da 20 a mako, sai ya daina buɗe kowacce, mai muhimmanci ta nutse tare da marar muhimmanci. Ga kuma shafin intanet na makaranta inda iyaye ke iya leƙa makin yaro a kowace sa'a, har waɗansu sukan ga sifili ya faɗo a wayarsu kafin yaron da kansa ya sani, su tare shi da faɗa tun bai cire takalmi ba. Tsakanin kulawa da tajassusi akwai iyaka, kuma yaron da aka saba tuna masa kowace rana da kowane aiki ba zai taɓa koyon riƙe amanar kansa ba, alhali babban maƙasudin makarantar tsakiya ke nan. Wannan ne ya sa nake ganin hikima a wurin malaman da ke fuskantar da wasiƙar ga almajiri da farko, su ce kai ne za ka kawo kaza ranar kaza, iyaye kuwa su zama shaidu a gefe, har waɗansu sukan ba almajiran su rubuta wani sashe nata bi da bi, ya zama darasin insha'i mai masu karatu na gaske.

A 'yan shekarun nan wasiƙar ta sami wani aiki da ba a yi tsammani ba, na kashe wutar rikici tun ba ta kama ba. Jayayya ta yi tsanani a ƙasar game da littattafan da suka dace da yara, har ƙungiyar marubuta ta PEN America ta lissafa sama da karo 10,000 da aka cire littafi daga makarantu a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, mafi yawa a jihohin Fulorida da Ayowa. Malamar da ta sanar tun mako biyu kafin a fara cewa littafi mai zuwa yana da ambaton kisa, ko wariyar launin fata, ko wani abu da wani gida zai ƙyamata, ta kuma ce wanda bai aminta ba ya yi magana a ba ɗansa wani, ta sauke nauyin da ke kanta. Haƙƙin uba ne ya san abin da ake zuba wa ɗansa a ƙwaƙwalwa, babu mai hankalin da zai yi musun wannan. Abin da ba haƙƙinsa ba ne shi ne ya zaɓa wa 'ya'yan sauran jama'a.

Saura mas'alar harshe, wadda ita ce ta taɓa 'yan'uwanmu kai tsaye. A makarantun gwamnatin Amurka akwai yara sama da miliyan 5 da ake lissafa su a masu koyon Turanci, kimanin ɗaya cikin goma, mafi yawansu Sifaniyanci ake yi a gidajensu, sai Larabci a matsayi na biyu. Cikin waɗannan gidaje akwai na Hausawa, musamman a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, inda mutanen zangunan Kumasi da Akara da na Nijar da Nijeriya suka yi sansani, uba yana tuƙin tasi har asuba, uwa tana shagon kitso ko tana jinyar tsofaffi. Wasiƙa ta zo da Turanci, wanda zai karanta wa iyaye ita kuwa shi ne yaron da ake ba da labarinsa, kuma ba sai an faɗa muku yadda tafinta ke fassara maganar da ta shafi wuyansa ba. A watan Janairu na 2015 ma'aikatun ilimi da shari'a na tarayya sun fitar da jagora cewa wajibi ne makaranta ta isar da muhimman bayanai ga iyaye cikin harshen da suke ji, kuma kada ta mayar da ɗalibi ko ɗan'uwansa tafinta. An janye wannan takarda a 2025, shekarar da Shugaba Trump ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, amma dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta hana wariya bisa asalin ƙasa, tana nan ba a shafe ta ba, kuma neman tafinta daga makaranta ba roƙon alfarma ba ne. Manhajar Google Translate tana da Hausa tun 2013, kuma ko da Hausarta takan yi tuntuɓe, ta isa ta nuna wa mutum cewa akwai gwaji ranar Laraba.

Abin da iyayenmu na can suka fi sakaci da shi, saboda ladabin da muka gada na cewa ba a tanka wa malami, shi ne mayar da amsa. A al'adar can shirun iyaye ba a karanta shi a matsayin girmamawa, sau da yawa rashin kulawa ake ɗaukarsa, alhali layi biyu sun wadatar, ko da Turancin bai miƙe ba. Birnin Niyu Yok ya sa ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantunsa tun 2015, amma kalanda ba ta gaya wa malama cewa yaron nan da ke gyangyaɗi a darasin farko ya tashi sahur ne bayan ya dawo daga tarawihi, ko cewa Asabar da Lahadinsa na islamiyya ne, yana da hadda a wuyansa bayan insha'in da ta ba shi. Malamar da ta ji wannan tun da wuri tana da ikon matsar masa da ranar karɓar aiki, ko ta bar shi ya zauna a laburare lokacin da abokansa ke cin abincin rana, kuma galibinsu sukan yi hakan da daɗin rai idan an sanar da su kafin maki ya shiga rajista.